Jiya maƙalar ta buɗe, yau an ce sai an biya: me ke faruwa da rumbunan bincike na laburare?

Me ya sa maƙalar da ɗalibi ya karanta a kwamfutar laburare a watan jiya, yau ya koma ya tarar an garƙame ta, ana neman dala 35 kafin ya ga abin da ya wuce tsakure? Duk lokacin da ɗaliban digiri na biyu da na uku suka shiga hidimar babi na biyu, wato bitar ayyukan da suka gabata, wannan tambayar ce ke yawo a zaurukansu na WhatsApp. Amsoshin kuma ba su wuce uku: ko netwok ne, ko an sauya kalmar sirri ba a faɗa wa kowa ba, ko kuma wani ya yi sama da faɗi da kuɗin. Kowanne a cikinsu yana faruwa. Amma sau da yawa ba a nan gizo ke saƙa ba. An yanke hukuncin ne a wani ofishi a Amsterdam ko Landan ko Washington, ma'aikacin laburaren da ake harara kuwa shi ma a imel ya gani.

## Mene ne rumbun bincike?

Abin da muke kira rumbun bincike ba iri ɗaya ba ne, kuma rashin bambance su shi ne mafarin ruɗanin.

Akwai waɗanda fihirisa ne kawai. Scopus na kamfanin Elsevier, Web of Science na Clarivate, da PubMed na gwamnatin Amurka duk irin wannan ne. Aikinsu kamar na yaron da ke nuna wa baƙo hanya ne a Kantin Kwari: ya san shagon da ke da shaddar da kake nema, ya san sunanta da launinta, amma ba shi ke da ita ba. Ka ga sunan maƙala a Scopus ba yana nufin jami'arka tana da izinin buɗe ta ba.

Akwai shagunan kamfanonin ɗab'i da kansu, irin su ScienceDirect da SpringerLink da Wiley Online Library, inda mai kaya ke sayar da kayansa. Sai kuma dillalai, wato EBSCOhost da ProQuest da makamantansu, waɗanda ke karɓo mujallu daga hannun kamfanoni ɗaruruwa su haɗa su a ƙunshi guda su ba laburare haya. Dillali ba ya iya ba da abin da mai kaya ya janye. JSTOR kuwa nasa salon daban ne: ma'ajiyar tsofaffin fitowa ce, kuma a yawancin mujallunsa akwai tazarar shekara uku zuwa biyar tsakanin fitowa ta ƙarshe da ke ciki da wadda ke kasuwa. Wanda ya je JSTOR neman maƙalar bana ya ɓata hanya tun daga gida.

## Haya ce, ba mallaka ba

Wanda ya taɓa shiga sashen mujallu na tsofaffin laburarorinmu, irin su Kashim Ibrahim a Zariya, ya san waɗannan manyan kundaye masu kaurin bango, na shekarun 1970, da aka ɗinke fitowar shekara guda a cikin kowanne. Jami'a ta daina biyan kuɗin wasu daga cikin mujallun nan tun zamanin tsuke bakin aljihu na shekarun 1980, amma abin da ta saya kafin nan yana nan a kan kanta. Ko kamfanin da ya buga su ya mutu, ba mai zuwa ya ɗauke su.

A intanet ba haka abin yake ba. Laburare ba ya sayen maƙala. Izinin leƙawa yake saya, na shekara guda ko biyu ko uku, bisa yarjejeniyar da ta fayyace su wa za su shiga, daga ina, da kuma abin da za su iya saukewa. Ranar da wa'adi ya cika ba a sabunta ba, ƙofa ta rufe. Wasu yarjejeniyoyin suna da sharaɗin cewa shekarun da aka biya za su ci gaba da buɗewa ko bayan an raba gari, amma wannan galibi a cinikin kai tsaye da kamfanin ɗab'i ake samunsa. A ƙunshin dillali da wuya. Jami'a tana iya shekara goma tana biya, ta daina, ta wayi gari ba ta da ko shafi ɗaya. Hausawa sun riga sun faɗa, zanen aro ba ya rufe katara.

Da wannan idon ya kamata a riƙa karanta sanarwar da ake liƙawa a ƙofar sashen kwamfuta ta "an sabunta tsari". Magana ɗaya ce, amma tana ɗauke da abubuwa uku da nauyinsu ba ɗaya ba.

## Sabon fenti, sabuwar ƙofa, ko an kwashe kaya?

Mafi sauƙi shi ne sauyin fuska. PubMed ya sauya tasa a 2020. EBSCOhost ya yi ta mayar da laburarori kan sabuwar fuskarsa a 2024 da 2025. Artstor, rumbun hotunan zane da kayan tarihi, an rufe shafinsa a watan Agustan 2024 aka mayar da kayansa cikin JSTOR. A irin wannan, kayan suna nan, wurin ajiyarsu ne ya sauya. Sai dai ko shi yana da cizo. Lokacin sauyin EBSCOhost laburarori da dama sun gargaɗi masu amfani da su kwashe abin da suka adana a asusunsu kafin ranar, domin ba kome ke bin mutum zuwa sabon gida ba. Malamin da ya liƙa adireshin maƙala a takardar darasi shekara uku da suka wuce, ɗalibansa za su danna su tarar da kango.

Na biyu shi ne sauyin ƙofa, wato yadda rumbun ke gane cewa kai ɗan gida ne. Tsohuwar hanya ita ce ta lambar intanet ɗin jami'a: muddin kana kan layin makaranta, ƙofa a buɗe take. Shi ya sa abu ke buɗewa a laburare ya ƙi buɗewa a waya da datar mutum, kuma shi ya sa idan jami'a ta sauya kamfanin da ke ba ta intanet ba a sanar da masu rumbun sabuwar lambar ba, kowa ya tsaya cak alhali an biya kuɗi. Akwai manhajoji irin su EZproxy da OpenAthens da ke ba mutum damar shiga daga gida da sunansa da kalmar sirrinsa, kuma can duniya ta nufa. A wurinmu kuwa har yanzu ana yawan amfani da suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya ga makaranta sukutum. Irin wannan kalmar ba ta kwana uku ba ta fita gari ba. Wani ya tura wa abokinsa a wata jami'ar, shi ma ya tura gaba, sai na'urar kamfani ta ga ana shiga daga ƙasashe biyar a dare ɗaya, ko wani ya sauke maƙala dubu cikin awa guda, ta toshe makarantar baki ɗaya. A nan kam laifin na gida ne. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Na uku shi ne wanda ya fi ciwo, kuma shi ne aka fi yi shiru a kansa: an taɓa kayan da kansu. Duk watan Janairu mujallu kan yi ƙaura daga wannan kamfani zuwa wancan, saboda ƙungiyoyin masana da suka mallake su kan sake ciniki. Mujallar da take ƙunshin da jami'arka ke biya bara, bana tana wani ƙunshin da ba ku biya. Haka kuma kamfani kan sa wa dillali takunkumi, ya ce kada ya nuna cikakkiyar maƙala sai ta shekara ɗaya ko ɗaya da rabi da fitowa. Shi ya sa za ka ga ta 2019 ta buɗe, ta wata shida da suka wuce kuma tsakure kawai, a mujalla ɗaya, a rumbu ɗaya.

## Inda kuɗin ke tafiya

Cinikin mujallun ilimi baƙon ciniki ne. Malami ya yi bincike da kuɗin gwamnati ko na aljihunsa, ya ba mujalla kyauta, wasu malaman su tantance kyauta, sannan laburaren jami'arsa ya biya kafin ya karanta. Wani nazari da aka buga a 2015 ya nuna cewa kamfanoni biyar kacal ne suka buga fiye da rabin maƙalun da Web of Science ya lissafa na shekarar 2013. Sashen kamfanin RELX da Elsevier ke ciki ya daɗe yana bayyana ribar da ta haura kashi 35 cikin ɗari.

Kada a ɗauka talaka kaɗai abin ke damu. A 2012 wani kwamitin malamai na Jami'ar Harvard ya rubuta cewa kuɗin da suke biyan wasu manyan kamfanoni ya doshi dala miliyan 3.75 a shekara, kuma ba za su iya ɗorewa a haka ba. A watan Fabrairun 2019 Jami'ar Kalifoniya, mai rassa goma, ta tashi daga teburin ciniki da Elsevier. A watan Yuli aka yanke mata sababbin maƙalu, ba a shirya ba sai Maris 2021. Jami'o'in Jamus sun fi haka daɗewa: an yanke musu a 2018, sai 2023 aka sa hannu. Waɗannan da gangan suka rufe ƙofar, don su karya farashi, kuma suna da hanyoyin aro tsakanin laburarori da za su rage zafi.

Namu rufewar ba ta zaɓi ba ce. Da dala ake biya. A farkon watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. A ɗauki misalin yarjejeniyar dala 20,000 a shekara: da naira miliyan 9.2 ce, ta koma miliyan 30, ba tare da kamfanin ya ƙara ko sisi ba. Kasafin laburare kuwa bai ninka uku ba, ga kuɗin wuta da na dizal suna jira. To wanne za a yanka? Kuma ba sirri ba ne cewa a wasu makarantun rumbunan kan farfaɗo ne idan tawagar tantance kwasa-kwasai ta NUC ta kusa zuwa, bayan ta tafi a koma gidan jiya.

Wannan ne ya sa sayen taro ya fi ma'ana. A 2023 asusun TETFund ya ƙaddamar da dandalin TERAS, wanda ta cikinsa makarantun da ke cin gajiyar asusun ke samun shiga rumbunan EBSCO. Murya ɗaya ta fi ɗari ƙarfi a wurin ciniki. Amma yana da kyau a san iyakarsa: TETFund makarantun gwamnati yake ɗauka, ban da masu zaman kansu, kuma wannan ma haya ce, mai biyan ne kawai ya sauya.

## Abu biyu da suka faru a 2025

A watan Fabrairun 2025 Clarivate, wanda ya sayi ProQuest a 2021 kan dala biliyan 5.3, ya sanar cewa zai daina sayar wa laburarori littattafai ɗaya-ɗaya sayen dindindin, zai koma tsarin biyan shekara-shekara. Ma'aikatan laburare a Amurka da Birtaniya suka yi ca, domin ɗan abin da ya rage musu na mallaka ke nan. Kamfanin ya ba da haƙuri kan yadda ya fitar da sanarwar, ya ƙara wa'adi zuwa ƙarshen Yunin 2026, amma alƙiblar ba ta sauya ba.

Na biyun ya fi kusa da mu. ERIC rumbu ne na binciken harkar koyarwa da gwamnatin Amurka ke ɗaukar nauyinsa tun shekarun 1960, kyauta ga kowa a duniya, kuma da wuya ka sami kundin digiri a tsangayar ilimi ko kwalejin horar da malamai da bai sha daga gare shi ba. Da gwamnatin Trump ta shiga zaftare kwangilolin ma'aikatar ilimi, sai aka sanar cewa daga ƙarshen Afrilun 2025 za a rage mujallu da majiyoyin da ERIC ke bibiya da wajen kashi 45 cikin ɗari. Tsofaffin bayanan suna nan, shafin yana buɗewa yadda ya saba. Haɗarin ke nan: ɗalibi a Gumel ko Kontagora zai yi bincike, ya ga sakamako, ya ɗauka ya ga duk abin da aka rubuta, bai san an daina zuba wani kaso na sababbi ba. Ƙofar da aka kulle ana ganinta. Rijiyar da ruwanta ke ja a hankali sai an jefa guga.

Kyautar ma tana da irin wannan tarihin. Shirin Research4Life, mai buɗe wa ƙasashe masu tasowa mujallu kyauta ko da rangwame, wanda ya fara da Hinari na Hukumar Lafiya ta Duniya a 2002, sannan AGORA na noma a 2003 da OARE na muhalli a 2006, har zuwa GOALI na shari'a a 2018, shi ne jigon asibitocin koyarwa da tsangayoyin noma a ƙasashe irin namu. An kasa ƙasashe gida biyu: na farko kyauta, kuma Nijar tana ciki, na biyu cibiya ta biya dala 1,500 a shekara. Amma kowane kamfani yana da ikon cire ƙasar da ya ga dama daga cikin kayansa, musamman idan ya hango zai iya sayar mata. A Janairun 2011 likitocin Bangladesh sun wayi gari an janye musu mujallu kusan 2,500 daga Hinari. Sai da aka yi ta surutu a mujallun likitanci na duniya kafin wasu kamfanonin suka mayar.

## Me kowane ɓangare ke cewa?

Kamfanonin suna da hujjarsu, kuma ba duka ce ta banza ba. Suna cewa adana miliyoyin maƙalu ta yadda za su buɗe dare da rana, da tace su, da farautar na bogi, duk kuɗi ne. Suna cewa ƙunshin haya yana ba ƙaramar makaranta dubban mujallun da ba za ta taɓa iya saye ɗaya-ɗaya ba. Wannan gaskiya ne. Ɗalibin yau a Dutsin-Ma, ranar da kome ke aiki, yana iya taɓa abin da farfesan 1985 sai ya je Ingila zai gani.

Masu laburare kuma suna cewa ƙunshin cike yake da abin da ba mai karantawa, farashi yana hawa kowace shekara, kuma sau da yawa ana sa su sa hannu cewa ba za su faɗi nawa suka biya ba, don kada maƙwabci ya san an yi masa tsada. Wasu sun fara ficewa daga fihirisar kuɗi ma: Jami'ar Sorbonne ta Faransa ta bar Web of Science daga 2024 ta koma OpenAlex, wanda kyauta ne, aka kuma kafa shi a 2022 bayan Microsoft ya kashe nasa rumbun a ƙarshen 2021.

Sai masu cewa a buɗe kome kyauta ga mai karatu. Ra'ayi ne mai kyau, ni ma ina tare da shi, amma yadda manyan kamfanoni suka karɓe shi ya mayar da kuɗin ne kan marubuci. Mujallar Nature ta sa dala 11,390 a 2021 ga wanda ke son maƙalarsa ta zama a buɗe. Da an hana mu karatu, yanzu ana neman hana mu rubutu. Akwai rangwame ga wasu ƙasashe, amma roƙo ne ake yi, ba haƙƙi ba. Sci-Hub kuwa, shafin da ke raba maƙalun kuɗi kyauta ba da izinin masu su ba, wanda kowa ya sani ko da ba a faɗa a gaban mai duba aiki, kotuna a ƙasashe da dama sun haramta shi, kuma kusan tun 2021 ya daina zuba sababbin maƙalu yadda ya saba. Mai dogaro da shi kaɗai, bitarsa ta tsaya a shekarun baya bai sani ba.

## Malami da ƙarin girma

Akwai sauyin da ba ya hana kowa karatu amma yana iya hana mutum muƙami. Jami'o'inmu da yawa yanzu suna neman maƙalun da Scopus ko Web of Science suka lissafa kafin ƙarin girma. To waɗannan fihirisoshin suna korar mujallu. A watan Maris 2023 Web of Science ya cire mujallu fiye da 50 a tashi ɗaya, 19 daga cikinsu na Hindawi ne, kamfanin da Wiley ya saya a 2021 kan dala miliyan 298. Daga baya aka janye maƙalun Hindawi sama da 11,000 saboda masana'antun ƙera maƙalar bogi sun mamaye shi, har Wiley ya binne sunan gaba ɗaya. Malamin da ya tara albashin wata uku ya biya mujalla saboda ya gan ta a jerin bara, yana iya tarar da an kore ta kafin tasa maƙalar ta fito. Tambarin Scopus da ke kan shafin mujalla ba shaida ba ne. A shafin Scopus ɗin kansa ake dubawa, kuma a ranar da za a tura aiki.

## Kafin a sake rufewa

Ga ɗalibi, dabarar ba ta da yawa. Abin da ka samu yau ka sauke shi yau, ka ajiye a wuri biyu. Kada ka kwafi dogon adireshin da ke saman shafi, domin yakan mutu. Lambar DOI, wadda ke farawa da 10 da ɗigo, ita ke bin maƙala duk inda ta ƙaura. Manhajar Zotero kyauta ce, tana riƙe manazarta a kwamfutarka, ba a asusun wani kamfani ba. Idan ƙofa ta ƙi, a gwada "All versions" a ƙarƙashin sakamakon Google Scholar, ko Unpaywall, manhajar da ke nemo kwafin maƙala na kyauta, ko a rubuta wa marubucin kai tsaye. Yawancinsu murna suke yi wani ya nemi aikinsu. JSTOR yana barin mai asusun kyauta ya karanta maƙala 100 a wata a kan allo. Sannan a riƙa gaya wa ma'aikacin laburare, da sunan mujallar da shekarar. Lokacin sabunta yarjejeniya alƙaluman amfani ake dubawa, kuma rumbun da ba a shiga shi ake fara yankewa.

Akwai kuma kayan da ba wani kamfanin waje da zai rufe mana su, domin ba su taɓa shiga rumbunsa ba. Mai bincike kan waƙar baka ko karin harshen Sakkwatanci ko tarihin masarautar Katagum ba EBSCO ne matsalarsa ba. Abin da yake nema yana cikin kundayen digiri da ke jibge a ofisoshin sassa, da mujallun tsangaya da aka buga kwafi 200 aka raba a taro. Rumbun AJOL (African Journals Online), wanda aka fara a 1998, ya ɗauki ɗaruruwan mujallun Afirka, kuma kaso mafi girma na Najeriya ne, amma da yawa daga cikin namu na Arewa ba su kai can ba. Waɗanda suka buɗe shafin kansu kuma, shafin yakan rayu ne muddin editan da ya biya kuɗin adireshin yana kan kujera. Wani nazari na 2020 ya ƙirga mujallun intanet sama da 170 da suka ɓace ɗungurungum tsakanin 2000 da 2019, wani kuma na 2024 ya duba maƙalu fiye da miliyan bakwai masu DOI ya tarar kusan kashi 28 cikin ɗari ba su cikin kowace babbar ma'ajiya irin su Portico ko CLOCKSS, waɗanda aikinsu shi ne su fito da maƙala idan mai ita ya mutu. Waɗannan masu DOI ke nan. Mujallar sashen da ba ta da shi, ko cikin lissafin ba ta shiga ba.